Ina Kofin Zai Zauna?

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Kai da kake buɗe littafin nan idan na fita, wa ya ba ka izini? Tunda kuma ka iya karanta abin da ba naka ba, gaya mini: mene ne coaster? Ba ka sani ba ko? Digiri biyu a aljihu, na uku na kan hanya, amma kalma mai harafi bakwai ta kayar da kai.

Da kai nake, Ustaz Rilwanu. Mu biyu ne a gidan nan na Ainu Shams, a babban birnin Misirawa. Ni ba na shan shayi da madara, ga kuma tabon gindin kofi mai madara har uku a bangon littafina. Don mun fito unguwa ɗaya a Gusau ka ba ni ɗaki, na gode, amma ban haɗa maka da littafin ba.

To zauna in koya maka. Yau wata Hajiya Juwairiyya, matar wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, ta shigo shagonmu na Darrasa. Ta ɗauki ɗaya daga cikin 'yan faya-fayan katakon nan da muke yi wa ado da sadaf, ɓawon teku mai sheƙi, ta jujjuya shi, ta ce tana son coasters ashirin da huɗu. Kyautar ɗaliban da suka kammala karatu bana ce, za a raba a walimarsu ranar ashirin da biyar ga wata. Shekara biyu ina goge abubuwan nan da sanfefa ina ce musu kostar yadda Misirawa ke faɗa, na ɗauka Larabci ne. Sai da na ji ta a bakin Hajiya na gane Baturiya ce ta sa abaya.

Ina dawowa na jawo ƙamus ɗina mai yagaggen baya, wanda na saya a kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya. Ashe kalma ɗaya ce, ma'anoni kamar 'ya'yan kuka. Abin da ake ɗora kofi a kai don kada ya ɓata tebur, ɗaya. Ƙaramin jirgin ruwa mai bin gaɓar teku daga gari zuwa gari, ba ya kutsawa tsakiya, biyu. Jirgin wasan nan mai hawa sama ya sulalo da mutane suna ihu, uku. Motar kosta da muke hawa a gida ma daga nan aka ɗauko mata suna. Na yi ta dariya ni kaɗai.

Littafina ba ya cikin ko ɗaya. Ka nemi wani wurin ajiye kofinka.

Litinin, 8 ga Satumba

Usta Hamad zai tafi Aswan gobe. Ƙanwarsa Mahasin ta samu ta fito daga Sudan, zai je ya tare ta, sai ya yi mako biyu. Maigidana ke nan a shago, Bahaushen Sudan ne, Hausarsa irin ta kakanni, Larabcinsa mai kauri. Usta a nan laƙabin gwanin sana'a ne.

Da la'asar ya kira ni. Ya ce aikin Hajiya nawa ne, daga yanka har fenti. Sai ya nuna kujerar bakin taga da haɓarsa, wadda ba wanda ya zauna a kai tun da tsohon gwaninsa ya bar aiki. A nan haske yake, a nan ake zaman dasa sadaf. Ni kuwa wurina can bayan ƙofa ne, cikin ƙurar katako.

"Ya zol," ya ce, haka yake kiran kowa, "in na dawo farcena bai maƙale ba, kujerar taka ce. In ya maƙale, ka ƙara shekara a bayan ƙofa."

Haka yake gwada aiki. Ya rufe ido, ya ja farcen babban yatsansa a kan katako. In ya ji inda sadaf ya haɗu da itace, aiki bai yi ba.

Na ce masa tamam, wato na yarda, kamar ba komai. A jirgin metro kuwa na wuce tasharmu da ɗaya ban sani ba.

Talata, 9 ga Satumba

Tauraro mai tsini takwas, tauraro mai tsini takwas. Duk lungun Darrasa shi ake yi. Ni ba zan yi ba.

Suna zan dasa. Kowane ɗalibi sunansa da rubutun Larabci a tsakiyar nasa, sadaf fari a kan baƙin itace. Hannuna a rubutu ko malaman da suka gaji da bakina a makaranta ba su taɓa kushe shi ba. Na kira Hajiya, ta ce, "Duk yadda ka ga ya yi kyau, ɗana."

Jerin sunayen yana hannun Rilwanu, shi ne sakataren ƙungiyar ɗalibai. Na ce ya turo mini. Ya tambayi na mene ne, na ce na hana barci ne. Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi ya turo.

Alhamis, 11 ga Satumba

Biyar sun tashi. Yatsu uku a yanke. Harafin mim ya fi kowa taurin kai, ya karye sau shida.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ba aiki yau. Na kwanta da ƙamus da ragowar alawar Maulidi.

Kalmar nan ba ta ƙare ba. Akwai birkin keke mai sunan, irin wanda ake taka feda baya ya tsaya. Akwai 'yar tire ta azurfa mai ƙafafu da Turawan da ke tura kwalba da ita a kan tebur, don lalaci ya hana su miƙa hannu. Turawan da suka daɗe a bakin tekun Afirka ta Yamma lokacin mulkinsu ma haka ake ce musu. Sannan na gani a waya cewa faifan CD da ya lalace wajen ɗauka shi ma sunansa ke nan, don ba shi da sauran amfani sai ɗora kofi.

Wadda ta fi yi mini daɗi: mutumin da yake sulalawa a rayuwa ba tare da taka feda ba. Na karanta wa Rilwanu da ƙarfi daga ɗakina. Na ce ga sunanku nan, 'yan tallafin karatu, gwamnati ta tura ku a gangare kuna ta sulala kuna gyara rawani.

Ya ce ma'alish, in yi haƙuri, in na gama in zo ga shinkafa.

Mutumin nan ba a iya faɗa da shi. Kamar dukan ruwa.

Litinin, 15 ga Satumba

Sha bakwai. Na gano cewa in ka jiƙa sadaf kafin ka sa masa magagari ba ya tsagewa. Ba wanda ya koya mini. Mai shayin lungu ya leƙo ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ba hannun mai goge-goge ba ne. Ban zauna a kujerar taga ba, na dai matso da teburina kusa da ita.

Laraba, 17 ga Satumba

Khalas, an gama! Ashirin da huɗu. Na jera su a ƙasa na hau benci ina kallonsu daga sama. Abdullahi biyu, Abdurrahman, Abdulmalik, Muhammad uku, Fatuma, Mardiya, Humaira, har zuwa ƙarshe. Hasken yamma ya faɗo a kansu, sai suka koma kore da ruwan hoda. Na rufe ido na ja farce. Santsi kamar gilashi.

A ina ɗan digiri zai iya wannan?

Alhamis, 18 ga Satumba



Na dawo daga shago na buɗe littafin nan, sai ga rubutun fensir a gefen shafin jiya. Ƙanana, a tsare, irin na masu yi wa littafi sharhi. Na kwafe shi nan don kada in manta da wulaƙancin:

"Aiki ya yi kyau, ƙanena. Amma bakwai suna ɗauke da sunan Allah, huɗu sunan Annabi. Ina kofin zai zauna?"

Na fita falo da littafin a hannu. Na ce masa ɓarawon sirri, na ce a wane babi na fiƙihu aka halatta buɗe littafin mutum, na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Yana zaune yana ɓare lemo. Ya ce bai buɗe ba, a buɗe na bar shi a kan tebur. Na ce ƙarya. Ya ce to ya buɗe, ya kuma nemi gafara, amma tambayar tana nan.

Tana nan kuwa.

Kwana tara ina sunkuye a kan haruffan nan, ina lallashin lam da ha ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya ban tuna gindin kofi ne zai hau kansu ba. Ni da mahaifiyata ke sa ni tsince takardar da ke da rubutun Larabci a kan hanya in soke ta a jikin katanga. Ni da na haddace ma'anoni bakwai na kalmar a ƙamus, ta farkon ce na manta.

Wane ɗalibi ne zai ɗora shayi a kan Abdullahi? Ko ya ƙi karɓa a gaban jama'a, ko ya karɓa don kunya ya rasa yadda zai yi da shi. Hajiya ta ji kunya, Usta ya ji labari. Baƙin itacen ya ƙare, sadaf ɗin da ya rage bai kai cikin tafin hannu ba, saura mako guda. Faifan CD da ya lalace ya fi nawa, shi ko kofi a ɗora masa.

Shekara guda a bayan ƙofa.

Juma'a, 19 ga Satumba

Yau ne yawon ƙungiyar ɗalibai zuwa Iskandariyya. Tun watan jiya na sa sunana. Na so in fasa, sai na ga zama a gida zai zama kamar na ji tsoro.

Kosta suka ɗauko, fara mai labule. Zama a cikinta da tsari yake, ba wanda ya rubuta shi amma kowa ya sani: 'yan digiri na uku a gaba, na biyu a bayansu, haka har ƙarshe. Mu marasa katin makaranta kujerar tsakiya mai naɗewa, wadda duk mai son sauka sai ka tashi masa. Na zauna na ƙulle fuska.

Ba mu fita gari ba Rilwanu ya bar kujerarsa ta gaba ya ce wai sanyin mota ya yi masa yawa, ya sauya da na kusa da ni. Ya miƙo mini burodi da ta'amiyya, ƙosan Misirawa. Na ce na ƙoshi. Ya ajiye a kan gwiwata. Wajen rabin hanya na ga babu burodin, ban san yadda aka yi ba.

Kujerar tsakiya tana da abu ɗaya: ba kan kowa a gabanka, kana ganin gilashi sosai. A jikin madubin direba akwai wani ɗan katako yana lilo da igiya, an rubuta Duaa. Na tambaye shi, ya ce sunan 'yarsa ce, shekararta huɗu, ita ce take tuƙa motar ba shi ba. Kusan awa guda ina kallon abin nan yana kai da kawowa. Girmansa ɗaya da nawa. Kaurinsa ɗaya.

Na daki cinyar Rilwanu har ya firgita. Na ce in an huda su an sa zobe an rataye fa? Ya ce sunan da ke sama da kai ba sunan da ke ƙarƙashin kofi ba ne. Sai ya ƙara da cewa in yi wa duka ashirin da huɗun, kada wasu su ga an bambanta su. Na ce da ma abin da zan yi ke nan. Ba shi na yi niyya ba, amma ai bai sani ba.

Daga nan ranar ta buɗe. Mun yi Juma'a, mun ci kifi har na kwance bel. A bakin teku na hango wani ƙaramin jirgin kaya mai tsatsa yana bin gaɓa a hankali, na yi tsalle ina nuna musu, ina cewa ga ta biyu nan, ga ta biyu! Suka ɗauka na taɓu.

Ta ukun kuma da yamma, a wurin wasanni. Misirawa jirgin mutuwa suke ce masa, sun fi Turawa gaskiya. Na ja Rilwanu muka hau. Ustaz guda, mai rubuta littafi a kan rabon gado, tun kafin mu kai ƙololuwa ya fara kalmar shahada, da muka sulalo kuwa sunan babarsa ya kira. Hularsa tana Iskandariyya har yanzu.

Kosta uku a rana ɗaya. Wa ya taɓa?

Asabar, 20 ga Satumba

Na ɓamɓare ƙyallen da na manna a ƙasansu, na huda kowanne a kusurwa da addu'a a bakina, na sa zoben tagulla da igiyar siliki kore. Ko ɗaya bai tsage ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na kai wa Hajiya uku ta gani, a gidanta na Dukki. A hanya na shirya jawabi: sabon salo ne, haka ake yayi yanzu. Da ta zaunar da ni ta kawo mini zoɓo mai sanyi, sai jawabin ya gudu. Na gaya mata yadda aka yi tiryan-tiryan.

Ta riƙe na Abdurrahman ta daɗe tana kallo. Ta ce ita ma da ta ce in yi, ɗanta na fari Abdulhamid ne, kuma bai zo mata a rai ba. Sai ta ce, "To ni da na ce coasters nake so?"

Na ce Hajiya, kalmar tana da ma'ana bakwai, ki bari mu ƙara mata ta takwas.

Ta yi dariya har ta ajiye kofinta a kan hannun kujera. Ta ce ai gara haka, yaran nan ina suka ga teburin da za su kare, a kan tabarma suke shan shayinsu. Ta ce in kawo sauran ranar Laraba.

Na sauko bene bibbiyu.

Talata, 23 ga Satumba

Usta ya dawo, ya rame amma fuskarsa a sake. Mahasin ta iso lafiya, tana gidansa a unguwar Arba wa Nus.

Bai ko zauna ba ya ce in kawo. Ya ga zobba, girarsa ta haɗe.

"Wa ya ce ka huda mini katako?"

Na ba shi labari. Ya rufe ido ya fara jan farce, ɗaya bayan ɗaya. A na sha tara ya tsaya, ya koma, ya sake ja. Na ce shi ke nan, bayan ƙofa. Ya ajiye shi gefe ya ƙarasa sauran.

Sai ya buɗe ido ya ce, "Maganar kofin, kai ka gano?"

Ba kowa a shagon. Rilwanu ba ya zuwa Darrasa ta lungunmu. E ɗaya ce, ƙarama, ta riga ta hau harshena.

Na ce a'a, wani ɗalibi ne da muke gida ɗaya.

Ya ce zoben fa? Na ce wannan ni ne. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini na sha tara, ya ce wutsiyar harafin ra ta ɗaga, in gyara. Ya fita sallar azahar.

Na koma bayan ƙofa na ɗauki magagari. Da ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, ya zol, a cikin duhun nan za ka ga wutsiyar ra? Ka tashi daga nan, ka tare wa mutane hanya.

Kujerar taga tana da ƙafa ɗaya gajeriya. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Na sa mata guntun katako.

Alhamis, 25 ga Satumba

Walima. Na tsaya can baya kusa da tukunyar shinkafa don in ga fuskokinsu.

Na yi su don bango. Mutum na farko da aka kira, wani Abdulmalik ɗan Zariya, ya karɓa ya duba, ya sumbaci sunan, ya zura igiyar a wuyansa kamar wanda ya ci tseren gudu. Shi ke nan kowa ya bi. Mutum ashirin da huɗu, maza da mata, da mazaunin kofi a ƙirji ana ta ɗaukar hoto. Hajiya ta hango ni ta ɗaga yatsu tara, ma'ana ta tara ke nan. Na cusa hannun riga a baki.

Rilwanu ya yi jawabin godiya, dogo kamar kullum. A ƙarshe ya ce kyautar aikin hannun Usta Mainasara ce, ɗan unguwarsu, wato ni. Usta. A lasifika. Suka juyo suna tafi, ni kuwa da cinyar kaza a hannu.

Bai ambaci fensir ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

Akwai ragowar itace, na yi ɗaya. Tauraro mai tsini takwas, ba harafi ko ɗaya, da ƙyallensa a ƙasa. Ga shi nan a kan littafin. Ba kyauta ba ce, kare bangon littafina nake yi.

Fensirin da ke tsakanin shafin nan mantawa na yi da shi. Amma tunda yana nan, Hajiya ta ce wata ƙawarta tana son akwatin ajiye Alƙur'ani, na zana abin da zan dasa a shafi na gaba. Ban ce a duba ba.

Kuma kada ka ɗauka maganarmu ta wuce, Ustaz Rilwanu. Anjima bayan la'asar abokanka za su zo shan shayi. A gabansu nake son amsa, da bakinka, ba da fensir ba: wa ya ba ka izinin buɗe littafina? Sannan littafin nahawun nan da ka ce tun bara za mu riƙa karantawa tare, na ce maka ba na so, kai kuma don na ce ba na so sai ka yi shiru? Wace rana za a fara? Ka faɗa a gaban mutane, don in ka saɓa in sami shaidu.